Bajamushe Mai Tonon Sunaye

Jiya jikana ya ce zai koyi Jamusanci, sai na tuna abokin aikina Baffa.

Muna leburanci a wani gini a unguwar Bagdadiyya, can ƙasa mai tsarki, ni da shi, duk ba iƙama, takardar izinin zama. Injiniyanmu Bajamushe ne mai son zama shan shayi da mu. Rannan ya ce da gurgun Larabcinsa, a ƙasarsu daga sana'ar kaka suna ke fitowa: wannan Maƙeri, wancan Maɗinki, shi kuwa Mai Niƙa. Sai ya dubi Baffa: "Hajji, naka daga ina?"

Baffa ya hura shayinsa mai ƙamshin na'ana'a, ya taka mini ƙafa. "Ka ji ko? Yau kaka, gobe garinmu, jibi a sa mu a jirgi." Ya ba Bajamushen wani suna, washegari ya ba shi wani. Ni da na yi aji uku na duba tafin hannun Mai Niƙan, ko kanta babu. Har yau ban yarda da shi ba.

Baffa ya rasu a unguwar Sa'alaba ba a kama shi ba, kowace unguwa da sunan da ta san shi. Allah, Kai Ka san na gaskiyar. Ka kira shi da shi inda ba a tambayar takarda.