Rimot na Huɗu

Tun daga ƙofa akawun shagon gyara ya gane ta, don littafinsa ya nuna rimot uku ta kawo a wata guda, kowanne a farfashe. Yau ga na huɗu a leda. Doguwa ce, mayafi ya rufe mata rabin fuska, da hagu take miƙo ledar saboda hannun dama a kumbure yake.

"Faɗuwa ya yi," in ji ta.

Akawu ya dubi murfin da ya dare biyu. Faɗuwa ba ta yin haka, sai dai a maka shi da bango, ko a jikin mutum.

Mai gyara ya harhaɗa shi, ya danna a gaban kyamarar wayarsa, ɗan haske ya ƙyafta.

"Baiwar Allah, rimot yana aiki. Na'urorin kallonku a kabad suke rufe, ko? To ɗan idon da ke wajen kabad, mai karɓar saƙon rimot ya kai musu, shi ne matsalar. Akwai fitila kusa da shi?"

"Maigida ya ɗaura sabon ƙwan lantarki a samansa."

"Shi ke makantar da idon. Ki ce ya cire."

Ta shafa wuyan hannunta, sannan ta juyo wajen akawu.

"Malam, cewa yake ni nake lalatawa wajen goge ƙura. Rubuta min abin da mai gyara ya faɗa a takarda, ka buga hatimi. In daga bakina ya ji laifinsa ne, ba rimot kaɗai zai fashe ba."

Akawu ya rubuta da manyan baƙi, ya danna hatimin da ƙarfi har tebur ya girgiza.