Tumatirin Bomo da motar manja

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba zan manta da ranar da na fara kara waya a kunnena ba, domin ranar saura ƙiris in rabu da gonar mahaifina.

Ni manomin tumatir ne a Bomo, kusa da Zariya. A wancan lokacin waya ta gwamnati ce ita kaɗai, babu wanda aka yarda ya kafa tasa. Sai ofisoshi da gidajen manya. Mu kuwa, abin da dillali ya faɗa game da kasuwar kudu shi ne labari, ba mu da wani kunne sai nasa.

Shekarar da aka bai wa 'yan kasuwa izinin kawo salula, tumatir ya yi kyan da ban taɓa gani ba, ya kuma nuna gaba ɗaya cikin zafin bazara. Dillali ya zo ya leƙa kwanduna ya girgiza kai, ya ce Legas ta cika, can ma zubarwa ake yi. Abin da ya taya ko kuɗin taki bai kai ba. Daman akwai wani Alhaji da ya daɗe yana zawarcin gonar, zai gina ɗakunan haya na ɗalibai. Ni kuma mutum ne mai saurin zuciya. Na aika wa Alhajin cewa ya zo gobe da shaidu, na gaji da yi wa tsutsa noma.

Da hantsi na ɗauki kwando ɗaya a keke na nufi Samaru, ko na samu na cefane. A bakin titi na tarar da wata Madam 'yar Sabon Gari da ta saba sayen tumatir a hannuna. Ta kafa lema da ɗan tebur, ga wata 'yar waya ɗaure da igiya, ɗalibai sun yi layi. A raina na ce mutanen Sabon Gari ba dama, yanzu kuma magana ake sayarwa.

Ta dube ni ta ce, “Malam, wa ya mutu?” Na zayyana mata komai. Ta ce, “Legas kaɗai ce kudu? Yayata tana sayar da kayan miya a Anacha, jiya ta ce tumatir ya yi musu wuya. Zauna.” Tana danna lamba tana mita, wai shekara da shekaru ta nemi layin waya a shagonta ana ce mata sai ta san wani. Yau ga shi ta saya a kasuwa kamar gishiri.

Ta miƙo mini. Na riƙe da hannu biyu, na ji muryar mace tar a kunnena, da Hausarta ta 'yan Sabon Gari, don a nan aka haife ta. Na shiga gaisuwa yadda aka koya mini: ina kwana, ina gajiya, yaya maigida, yaya yara, yaya zafi. Madam ta buga tebur. “Malam, nan gaisuwa ma biya ake yi! Faɗi tumatir!” Ɗalibai suka kwashe da dariya.

Na faɗi tumatir. Matar ta tambayi irinsa da yadda ya nuna, sannan ta ce, “Akwai motar da ta kawo manja Sabon Gari, yau za ta dawo ba kaya. Za ku iya cika ta?” Na ce ni kaɗai ba zan iya ba, amma Bomo za ta iya. Madam ta karɓi wayar ta ce ita ta tsaya mana, ta tsaya wa yayarta, ta kuma kira inda direban ya sauka.

Ban san yadda na tuƙa keken nan zuwa gida ba. Na bi maƙwabta gona-gona, wasu suka ce rana ce ta taɓa ni. Amma bayan la'asar sai ga babbar mota tana tangaɗi a hanyar Bomo, duk jikinta manja. Maza suna lodi, mata suna guɗa, wani tsoho da ya riga ya fara zuba wa shanu tumatirinsa ya zauna a kan kunyar gona yana share hawaye. Direban ya ce mini, “Oga, na daɗe ina wucewa ta Zariya ba kaya, ban san kuna nan ba.”

Maganar nan ta tsaya mini a rai har yau. Dillali bai yi mana ƙarya ba, Legas ta cika da gaske. Amma mota tana nan, tumatir yana nan, masu buƙata suna can, an dai hana mu hanyar jin juna ne. Ba a ƙara mana ruwa ba, ba a raba mana taki ba. Izini kawai aka bayar, sai ga Madam da sana'a, direba da kaya, mu da kasuwa, mutanen Anacha da miya. Kafin shekara ta zagayo titin Samaru ya cika da masu sayar da katin waya da masu gyara, dillalin ma ya sayi tasa wayar.

Washegari Alhaji ya zo da shaidunsa. Na shimfiɗa musu tabarma, na ba su haƙuri, na bi su da ɗan ragowar tumatir a leda. Gonar tana nan, a cikinta na aurar da 'ya'yana.

Abin da na koya shi ne, arzikin ƙasa ba a ofis yake ba, yana hannun mutanenta, kuma sau da yawa ba taimako talaka yake jira ba. A sakar masa hanya ya nema, a bar shi ya sayar wa wanda ya ga dama, sauran aikin ya iya.