Mawaƙin Gonar Gero

A gidanmu na Sabon Gari an hana ni waƙa a wurin wanka. Yayata ta ce in na ɗaga murya kamar ana jan gadon ƙarfe a kan siminti. Baba kuwa sai dai ya ƙara sautin rediyo. A duk Maraɗi da kewaye mutum ɗaya ce ta yarda ni mawaƙi ne: kakata ta Tsibiri.

"Angona," haka take kirana, "muryarka har gulbi take kaiwa. Allah ne ya ba ka."

A kan wannan magana na je wurin mushenmu, wato malamin ajinmu, kafin babban hutu, na ce ni zan rera waƙar maraba in an koma lakwal, wato makaranta. Ya dube ni, ya ce to. Sai da na fito na fara lissafi. In Kaka ta yi gaskiya, na zama tauraro. In ba haka ba, za a yi ta yi mini dariya har in yi furfura.

Cikin hutun na fara lura da wani abu. Kaka ba ta kewar muryata da rani. Na tuna da azumi na taɓa fara mata waƙa, ban kai rabin baiti ba ta aike ni sayen ashana, alhali ga ashana a gefenta. Amma da gero ya fara ido, sai ga kawuna a kan babur, wai Kaka ta kasa barci don marmarin waƙata.

Na je. Ba ta shimfiɗa mini tabarma kusa da ita ba. Ta ja ni har ƙarshen gona, gindin wani gawo da tsuntsaye suke taruwa a kai, ita kuma ta koma can nesa inda da ƙyar nake hango kallabinta.

"Daga nesa ta fi shiga kunne," in ji ta.

Na duba gonakin maƙwabta. Kowace da igiya an jera gwangwanaye, yara suna ja suna ihu, wasu da majajjawa. Gonar Kaka ko gwangwani ɗaya babu. Ni kaɗai ne. Kuma lokacin waƙar bai canzawa, da safe da la'asar, daidai saukar tsuntsaye.

Wata la'asar na yi gwaji. Ina tsakiyar waƙa na ja bakina na yi tsit. Ba a daɗe ba tsuntsayen jan-baki suka sauko kan zangarniya kamar an gayyace su walima. Kaka, wadda kullum take kukan gwiwa, ta miƙe kamar 'yar tsere.

"Angona, mi ya hwaru? Ci gaba mana!"

Na buɗe baki. Garken nan ya tashi gaba ɗaya, kuma ina jin sai can garin Jiratawa suka tsaya shan ruwa.

Muna hanyar gida wani tsoho mai gonar gefe ya tare mu.

"Hajiya, ki ara mini jikan nan naki gobe, ko da hantsi ne."

"Ba ya aruwa," in ji Kaka, ta riƙe hannuna gam.

A gida ta gasa mini tumu, ta murje shi a ƙwarya. Na ci, amma idona yana kanta.

"Kaka, tsakaninki da Allah, ke ce mai saurare ko tsuntsaye?"

"Kowa da kunnensa."

"Muryata tana da daɗi?"

"Tana da albarka."

"Daɗi na tambaya."

"Ci tumunka, zai huce."

"To bari in yi miki ɗaya nan tsakar gida, kusa da ke."

Ta waiga wajen akurki da sauri. "Kazata tana kwanci. Bari ta ƙyanƙyashe tukuna."

Ranar da aka koma lakwal na sami mushe, na ce na fasa waƙar maraba. Duk hanya ina shirya ƙaryar ciwon maƙogwaro, har da tarin da zan haɗa da ita. Bai tambaye ni dalili ba. Ya ce Allah ya yi mini albarka, ya laluba aljihu ya ba ni alawa. Ina tsotsa ina kallonsa, don wannan saurin yardar nasa ma bai kwanta mini ba.