Ruwan Rabo

Rabo mutumin Rawayau ne, kuma lebura ya yi a shekarun da ake gina babban dam a kusa da Dutsin-Ma. A can ya ji wani injiniya yana cewa akwai wuta a cikin ruwa, in dai ruwan ya faɗo daga sama ya juya ƙarfe. Abokan aikinsa suka yi dariya suka ci gaba da ɗaukar kankare. Shi kuwa maganar ta shige shi, ba ta ƙara fita ba.

Da aiki ya ƙare ya koma gida, ya datse ƙoramar da ta ratsa gonarsa da ƙasa da duwatsu. Ya binne bututu a jikin datsiyar, ya toshe bakinsa da guntun icce. A ƙasa ya kafa ƙafar amalanke da ya jera wa gwangwanaye, ya haɗa ta da dainamon wata matacciyar mota. Mutanen gari suka ce aljanun ruwa sun taɓa shi. Ran da ya cika batirin farko kuwa, su ne a sahun gaba wajen kallo.

Sai dai ba shi kaɗai ke cajin batir ba. A Kurfi akwai Obadiya mai gyaran rediyo, yana da inji mai shan fetur. In fetur ya wadata, Obadiya ya karya farashi, ba mai bin hanyar daji zuwa Rawayau. In ya ɓace, sai ka ga masu talabijin da masu lasifikar biki sun ɗoro batura a kan kekuna, ko nawa Rabo ya yanka su biya. Ruwan kuwa bai fi na buɗewa goma ba a shekara. Rayuwarsa duka sai ta koma tambaya guda, ya buɗe yau ko ya jira.

Shekarar da aka yi fari, tafkin ko rabi bai cika ba. Rabo ya ƙudurta sau ɗaya zai buɗe, ranar da fetur ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Kowane hantsi yana zaune a bakin ruwa, yana kallon rana tana wasa a kai. A idonsa fitilu ne kwance a ƙasa, jere-jere, na Rawayau, na Barkiya, har na Kutawa, suna jiran a kira su. Yana son ruwan nan, so na gaske, har yakan ji nauyin taɓa shi.

Matarsa Hawwa'u ta ce, “Malam, mi kake jira? Ga mutum biyu can da batura.”

Ya ce, “Biyu fa? Bari dai su yi ashirin.”

Haka ya yi ta korar su da murmushi. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne rana ma tana sha, kuma ita ba ta jiran kasuwa.

A tsakiyar bazara fetur ya ɗauke ƙaf. Kekuna suka cika gonar, har da Obadiya da nasa batirin a kafaɗa, yana ta share gumi. Rabo ya sa sabuwar riga, ya sauka, ya yi bismilla, ya zare iccen.

Bututu ya yi tari. Wani ruwan laka ya zubo, ƙafar amalanken ta juya kamar sau bakwai, ta tsaya. Tun kwanaki ruwan ya sauka ƙasa da bakin bututun, yana nan shimfiɗe yana ƙyalli, amma ba hanyar fita. Kunya da baƙin ciki suka rufe Rabo. Ba wanda ya yi dariya, hakan ya fi masa ciwo.

Ya durƙusa cikin lakar da sabuwar rigarsa, ya kama ƙafar amalanken, ya fara juya ta da hannu. Obadiya ya dube shi jim kaɗan, ya ajiye batirinsa, ya naɗe hannun riga.

Ya ce, “Matsa, Malam Rabo. In ka gaji na karɓa.”