Mai Rijiyar da Babu Shi a Kaset

A Kontagora, in akuya ta faɗa rijiya, ko maciji ya tare a ciki, ko ruwa ya ja baya ana neman mai yasa, sunan mutum ɗaya ake kira: Jinaidu Dogo. Igiya a ƙugu, bismillah a baki, ya sauka gaba goma sha biyar cikin duhu kamar mai shiga ɗakin uwarsa. Har daga Auna da Tungan Magajiya ake aiko masa da mota. Mutane suka yanke cewa ranar da ake rabon tsoro Dogo yana ƙarƙashin ƙasa, bai samu kasonsa ba.

Ya samu. Nasa dai a silima aka ajiye masa.

A wancan zamanin kowa da ɓangarensa. Abokinsa Filibus, makanikin babur, ɗan finafinan Canis ne; a wurinsa fim ɗin da ba a karya wa kowa haƙarƙari ba ɓata wuta ne. Direbobin tasha suna bayan kaboyi. Teloli da masu shayi kuwa Indiya, su dawo suna rera waƙar da ko kalma ɗaya ba su sani ba a cikinta. In aka tambayi Dogo, sai ya murtuke fuska ya ce, "Ni na tsoro nake so." Me zai ce? Mutumin da ke kama maciji da hannu ba zai tsaya gaban majalisa ya ce shi fim ɗin da ake zagaya bishiya ana waƙa, furanni na zuba, shi ke sa shi hawaye ba. Amma gaskiyar ke nan.

A shekarar 1984 aka kawo wani fim ɗin Indiya na tsoro. Ba wanda ya iya faɗin sunansa na asali, sai 'yan gari suka raɗa masa nasu kamar yadda suka saba: Keken Likkafani. Dogo ya shiga shi kaɗai bayan magariba, don Filibus ya ce ba ya biyan kuɗi ya kalli ɗinki. A fim ɗin, wani tsohon gida ne, da keken ɗinki a ɗakin da ba kowa. Can sai takalmin keken, inda tela ke takawa, ya motsa da kansa. Kir, kir, kir. Farin ƙyalle ya fara fitowa, yana tsawo, yana tsawo, har ya kai daidai tsayin mai gidan.

Iyakar abin da Dogo ya gani ke nan. Bai san lokacin da ya tsallake benci uku ba. Takalminsa ɗaya yana can har yau.

To a gida akwai Hadijatu, matarsa, wadda ba ta taɓa taka ƙofar silima ba, amma duk fim ɗin da ya gani sai ya zauna ya ba ta labarinsa tun daga farko. Ita kuwa, Allah da ikonsa, na tsoro take so da gaske. Ya shigo yana haki, ta ajiye masa tuwo ta ce, "Maigida, yaya aka yi?"

Ya ba ta abin da ya gani, bai kai a sha furar kofi ɗaya ba ya ƙare. Ta matso. "Sai kuma me?"

Nan Dogo ya fara haƙa. Ya ce ai sai aka kira wani mai haƙar rijiya, dogo, marar magana. Shi ya gane cewa tsohon telan gidan ne aka jefa a rijiya da almakashinsa. Ya sauka, ya yi kokawa da abin da ke ciki, ya fito da almakashin, aka binne tela yadda ya kamata. Daga ranar keken ya daina ɗinka likkafani, ya koma ɗinka kayan amare.

Hadijatu ta ce a duniya ba a taɓa yin fim kamar wannan ba. Shekara tara tana sa shi maimaitawa, kowace shekara mai rijiyar na ƙara tsawo da jarumta. Ta ba maƙwabta, ta ba 'yan biki. Shi kuma Dogo, tunda akwai keken ɗinkinta a ɗaki, kullum kafin rana ta faɗi sai ya lulluɓe shi da tsohon bargo. Ya ce saboda tsatsa.

Ranar wata Alhamis a 1993, ƙaninta Lukuman, mai fataucin kayan lantarki daga Legas, ya sauka da kwali biyu. Talabijin da bidiyo. Ya zaro wani kaset daga aljihun jaka yana kaɗa shi.

"Yaya, kin san wannan? Shago bakwai na shiga kafin na same shi. Keken Likkafaninki ne!"

Hadijatu ta yi guɗa. Dogo ya ji kamar igiya ta tsinke da shi a tsakiyar rijiya.

"Yaya Dogo, lafiya? Ka yi fari kamar an yashe ka," in ji Lukuman.

"Rana ce."

"A inuwa?"

Aka sa Asabar bayan azahar. Kwana biyu Dogo yana tauna abu biyu, ya kasa haɗiye ko ɗaya. Na farko, zai zauna gaban keken nan har ƙarshe, ba bencin tsallakewa. Na biyu ya fi ciwo: Hadijatu za ta zauna tana jiran mai rijiya, mai rijiya kuwa ba zai zo ba. Za ta gane cewa mijin da take fahariya da shi ya gudu, ya kuma yi shekara tara yana yi mata ƙarya a kan tabarmarta, ita kuma ta yaɗa wa rabin unguwa.

Ya je garejin Filibus. "Ranar Asabar, da an yi kamar rabin awa, ka zo da gudu ka ce saniya ta faɗa rijiya a hanyar Auna."

"Saniyar wa?"

"Kai dai ka zo."

Ranar Asabar aka kafa talabijin a zaure, aka toshe taga da buhu. Maza suka zauna ta ƙofar waje, mata suka taru ta ƙofar cikin gida a bayan labule, an ɗage shi kaɗan. Lukuman ya shimfiɗa wa Dogo buzu a gaba, dab da gilashin.

"Wurin manya. Kai da ka san hanya, sai ka riƙa yi mana jagora."

Aka fara. Ga gidan nan, yadda ya bar shi. Ga matakalar, ga ƙofar da ke buɗewa a hankali. Dogo ya kafa ido a ƙafar teburin, yana karanta duk abin da ya zo bakinsa, har da addu'ar shiga kasuwa. A ransa yana roƙon Allah a ɗauke wuta.

Aka ɗauke.

Bai gama alhamdulillahi ba ya ji Lukuman a waje yana jan igiyar janareta. "Na san halin garinmu, Yaya Dogo! Da shirina na zo."

Hoto ya dawo daidai kan keken. Takalmin ya motsa. Kir, kir, kir. Ido ana iya sunkuyar da shi, kunne fa? Ƙarar ta bi ta ƙashin bayansa ta sauka har yatsun ƙafa. Ya ji gashin hannunsa ya miƙe ɗaya bayan ɗaya. Daga bayan labule muryar Hadijatu ta fito, tana gaya wa mata, "Ku dai jira. Yanzu za a kira mai rijiya."

Sai ga Filibus ya faɗo zauren yana haki kamar gaske. "Dogo! Dogo! Saniya ta..." Idonsa ya sauka kan farin ƙyallen da ke tsawo. Ya laluba bayansa ya sami gefen benci.

"Saniya ta me?" in ji Dogo.

"Ta fito da kanta. Matsa in gani."

Daga nan Dogo ya shiga ƙasar da bai taɓa takawa ba. Wani ya yi ƙara a talabijin, mata suka yi salati, buzun da ke ƙarƙashinsa ya jiƙe da gumi. Gwiwoyinsa suka fara shawarar tashi ba da izninsa ba. Ya auna ƙofa: taku huɗu, da mutum shida a hanya. In ya gudu yau, ba takalmi kaɗai zai bari ba.

"Maigida," in ji Hadijatu, a hankali. "Labulen nan yana faɗo mana a ido. Ba mai tsawon riƙe shi sai kai."

Ya tashi kamar an zaro shi da guga. Ya tsaya a bakin ƙofar, ya ɗaga labulen sama da hannu biyu, yadin ya rufe masa fuska ruf, damatsansa suka toshe kunnuwa. A haka ya yi awa biyu. Hannuwansa suka mutu, bai sauke ba. Bai taɓa son wani yadi a duniya kamar wannan ba.

Da aka gama, Lukuman ne ya fara magana.

"To, Yaya, ina mai rijiyar? Ni ko guga ban gani ba. Yaya Dogo, ko a wata silimar ka gan shi?"

Kowa ya juyo wajen Dogo.

"Kai dai an cuce ka a Legas," in ji Hadijatu. "Yankakken kaset suka sayar maka. Shago bakwai, ka rasa wanda za ka ɗauko sai mai rabi."

"Yaya, awa uku fa!"

"Na asalin huɗu ne. Ko ba haka ba, Maigida?"

"Da 'yan mintoci," in ji Dogo.

Filibus ya ce shi dai ko cikakke ne ba a karya ƙashin kowa ba, amma a raka shi bakin titi.

Bayan la'asar, da gida ya watse, Dogo ya zauna a tsakar gida yana murza damatsansa. Hadijatu ta kawo masa kunu, ta zauna tana tsince shinkafa, ba ta dube shi ba.

"A ina ka fita, wancan karon?"

Ya kurɓi kunun. "Inda keken ya fara."

"Na yi zaton ka kai wurin madubin."

"Akwai madubi?" Ya ajiye kofin. "Tun yaushe kika sani?"

"Tun shekarar da ka ce mai rijiyar yana da tabo a ƙwauri na hagu irin naka, kuma ba ya cin miyar kuɓewa. Na ce ikon Allah, har Indiya." Ta hure ƙaiƙayi. "Ga bargon da kake rufa wa kekena. Tsatsa ba ta jiran magariba, Maigida."

"Kika bar ni ina ta zuba?"

"Naka ya fi daɗi. Nasu ba kai ba gindi, sai ihu."

Kaji suna tsattsaga a gindin turmi. Abin da ya hana shi sakat shekara tara ya taso masa, ya rage murya kamar keken na iya ji daga ɗaki.

"To... a nasun, yaya aka ƙare?"

Hadijatu ta dube shi, dogon mutum. Ta mayar da ido kan faifanta.

"Mai rijiya ya zo," ta ce. "A makare dai, amma ya zo."

Dogo bai sake tambaya ba, ita ma ba ta ƙara ba. Ya ci gaba da shiga rijiyoyin mutane har gemunsa ya yi fari, kuma a majalisa bai fasa cewa na tsoro yake so ba. Sai dai duk ranar da Lukuman ya kawo sabon kaset, za ka ga Dogo ya riga kowa zuwa bakin labule.