Azarar Ɗakin Iya

Wani ɗan ƙas-ƙas na fara ji a kan murfin langa, kamar ana sakin gero tsaba ɗaya-ɗaya. Da hantsi ne, na kai wa Iya, mahaifiyar maigidana, kunun tsamiya ɗakinta. Idonta ya riga ya tafi a lokacin, amma kunnenta garau.

"Kwana uku ke nan ina jin sa," ta ce. "Ke mai ido, duba mini sama."

Na ɗaga kai. Ɓurɓushin ƙasa ne da garin itace ke zubowa daga jikin katakon rufin. Gara ta shiga. Katakon kuwa ni na sa aka saka, kuma Iya ba ta san da shi ba.

Damina biyu kafin nan kusurwar ɗakin ta yi yoyo. Lokacin kuɗin man fetur sun fara shigowa Haɗeja, kowa na son sabon abu. Maigida yana aiki Kano, ya bar mini hidimar gyaran, tunda ni ce mai sakandare, mai karanta wasiƙa. Da Iya ta tafi Auyo wajen ƙanwarta sai na kira tsohon maginin unguwarmu. Ya ce azara biyu kawai za a gyara wa zama a sake yaɓe. Na dubi azarar, baƙa ƙirin, duk kaushi, na ce a cire duka. Na sa aka kawo farin katako mai santsi, irin wanda jirgin ƙasa ke saukewa a tashar Malam Madori.

"Malama," in ji shi, "allon 'yarki da wane itace aka yi?"

"Aduwa."

"Turminki fa?"

"Ƙirya."

"To me ya hana ki daka a aduwa ki yi rubutu a ƙirya? Wannan namijin giginya ce, bayanta aka tsaga, gara ba ta da haƙorinta. Naki kuwa in ya kwanta ƙarƙashin laka, walima kika shirya."

Na yi murmushi irin na wadda ta yi boko. Ya yi aikin yadda na ce, aka jingine tsofaffin azarar bayan rumbu.

Da Iya ta dawo na yi niyyar faɗa mata, don tun lokacin ba ta gani. Sai na ji tana ba baƙi labari cewa marigayi mijinta da kansa ya zaɓo giginyar nan a fadama, ya turo ta a kwalekwale shekarar da aka kawo ta gidan, kuma ƙarƙashinta take fatan cikawa kamar yadda ya cika. Na haɗiye maganata. Shekara biyu ina sallah da ita a ƙirjina.

Yanzu ga hadari ya fara haɗowa daga gabas. In laka ta sha ruwa, katakon da aka cinye ba zai ɗauke ta ba, kuma a ɗakin 'yata mai shekara biyar take kwana tare da kakarta. Na san Iya ba za ta fita don gara ba, don ta tabbata gara ba ta cin azararta. Sai in ta ji gaskiya.

Na durƙusa na faɗa mata, tun daga farko. Ta daɗe tana jan carbi.

"Kin ƙona su?"

"A'a, Iya. Na gwada ɗaya, gatari ya ƙi shiga."

"Ai kuwa," ta ce. Ta laluba sandarta ta koma ɗakina.

Magini ya zo, bai ce mini ai na faɗa miki ba, abin da ya fi mini ciwo ke nan. Ya bi azarar yana ƙwanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta amsa tangararau, bayan damina biyu a waje da awaki suna goga jiki. Katakon nawa kuwa da yatsa ya huda shi.

Kwana tara ana aiki. Kwana tara Iya tana amsa gaisuwata, tana cin abin da na dafa, amma ba ta kira ni 'yar boko ba ko sau ɗaya, sunan tsokanar da a da nake jin haushinsa. Na sha zama bakin murhu ina tunanin yadda na raina abu don kawai baƙi ne kuma ya tsufa, ina neman gafarar Allah, ban san ko ita za ta yafe ba.

Ranar da ta koma, ta sa magini ya ɗaga sandarta ya ɗora a jikin azarar, ta ja ta a hankali tana jin kaushin. Ni ina tsakar gida, na kasa shiga. Can sai 'yata ta fito da gudu ta kama zanena.

"Umma, Iya ta ce wai 'yar boko ta shigo da kunun mana, ko shi ma sai an sauke mata daga jirgi?"