Ekta Ba Ya Mutuwa, In Ji Sale Kaboyi

Wannan watan aka cika shekara shida da binne Malam Sale a nan Riyadh. Mu da muka zauna da shi a unguwar Sulay, Sale Kaboyi muke ce masa, kuma bai taɓa jin haushin sunan ba. Direban motar kaya ne a siton da nake aikin ajiya, mutumin Zariya, ya girme ni da kusan shekara goma. Ɗaki ɗaya muka kwana shekara biyar.

Sunan ya samo shi ne daga wani tsohon shirin talabijin na Turawa da ya fara kallo yana yaro, ta tagar gidan wani ma'aikacin jirgin ƙasa. Labarin ɗan leƙen asirin gwamnati ne mai hular kaboyi, ana tura shi garuruwan daji ya tono makirci. Allah kaɗai ya san inda Sale ya samo faya-fayan shirin a Riyadh. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci aka ci shinkafa, sai ya kunna. Turancinsa bai taka kara ya karya ba, amma ba ya buƙatar fassara, don ya san ƙa'idar abin kamar yadda ya san hanyar unguwar Shifa.

Shi ya nuna mini cewa labarin ɗaya ne kullum, riga kawai yake sakewa. Ekta, wato jarumin, zai shiga garin da kowa ya yi gum. Wata kyakkyawa za ta miƙo masa abin sha, Sale ya ce, "Kar ka sha," shi kuwa ya shanye. Ya farka a ɗaure. A nan ne bos, mugun labarin, zai yi wautar da Sale ya fi so: maimakon ya gama da shi, sai ya tsaya yana zayyana masa shirinsa tun daga tushe, ya fita ya bar shi da mai gadi ɗaya. Ekta bai ce uffan ba, ashe akwai 'yar wuƙa a dunduniyar takalminsa. Mai gadin ma in ka duba da kyau abokin ekta ne ya manna gemu. Mako mai zuwa ekta zai dawo tsaf, ko tabo babu. Sale yakan ce surutu ke kashe bos, shiru ke fid da ekta. Game da abokin kuma ƙa'ida biyu ce: ba ya tona kansa kafin lokaci, kuma ba ya makara.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da a ce yana nan yau. An buɗe gidajen sinima a garin nan, abin da bai taɓa tsammani ba. Samarin ɗakinmu kowa da wayarsa, suna bin shirye-shiryen da ake kashe jarumi a tsakiyar labari a ci gaba ba shi. Na san tsaki zai yi, ya ce waɗannan ba su iya ba da labari ba, sun ci amanar mai kallo.

Labarin zuciya a tambayi fuska. Na ga idon Sale ya sake launi, ya daina gama abincinsa, kafin ya yarda na raka shi asibiti. Likita ya ce hanta ce, kuma ta yi nisa. A hanyar dawowa ya tsayar da mota a gefen titi ya ce, "Idi, Rabi ba za ta ji wannan daga bakinka ba." Rabi matarsa ce, tana Zariya da 'ya'ya huɗu.

Wanda bai yi zaman ƙasar waje ba zai ga abin baƙo, amma haka muke. Ba a aika mugun labari gida. Mutum yana kwance zai miƙe ya gyara murya, ya ce lafiya lau sai zafin rana. Sale ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma me za ta iya daga can in ban da kuka? Ya ce a bari ya ɗan ji ƙarfi, kafil, wato ubangidanmu na wurin aiki, ya sa hannu a takardar hutu, ya je da ƙafarsa ya gaya mata. Ya yi dariya ya ce yanzu ne aka ɗaure ekta, in jira in ga dunduniya. Ni kuma na yarda, domin yarda ta fi mini sauƙi.

Wata huɗu na yi ina manne da gemun. In Yaya Rabi ta kira ba ya iya magana, ni nake ɗauka in ce ya tafi kai kaya Dammam. Sau biyu na fito da lambarta da niyyar faɗa, na mayar da wayar aljihu. Na kiyaye ƙa'ida ta farko sarai, ta biyun ce ta kuɓuce mini.

Ya rasu ranar Talata da hantsi. Kafin a binne baƙo a nan sai iyalinsa sun aiko da takardar amincewa, don haka kiran farko da na yi mata na gaskiya, na neman sa hannu ne. Ta yi salati, sannan ta ce, "Malam Idi, tun yaushe?" Na ce wata huɗu. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ce, "Wata huɗu ina yi masa addu'ar buɗi. Ko sau ɗaya ban roƙa masa lafiya ba, don ban sani ba."

Har yau maganar nan ba ta bar ni ba. Ina jin haushin Sale a kanta, kuma ina kewarsa, duka biyun gaskiya ne. Faya-fayansa suna cikin kwali a ƙarƙashin gadona, ban iya zubarwa ba, ban kuma sake kunnawa ba. Abin da ya rage mini nasa shi ne dariyarsa in bos ya fara jawabi, da haƙurinsa, da darasin da ya koya mini ba da niyya ba.

Tun daga lokacin, duk wanda ya kwanta ciwo a cikinmu ina gaya masa a fuskarsa: na ba ka kwana uku ka kira gida, in ba ka kira ba zan kira. Bara wani abokin aikinmu ya yi wata guda ba ya gaishe ni saboda haka, amma mahaifiyarsa ta sani, ta kuma yi masa addu'ar da ta dace. Yanzu a Sulay Bos suke ce mini, wai na cika surutu. Na amsa sunan.

Allah ya jiƙan Sale, ya haskaka kabarinsa. Yaya Rabi, addu'ar wata huɗun nan ni na hana ki, ki yafe mini.